Kafet ko tayil? Abin dubawa kafin a shimfiɗa wa ɗaki a Accra

Kafin ka tambayi kuɗin yadin kafet ko na katan ɗin tayil, fara tambayar maƙwabta inda ruwa ya kai a gidan a daminar bara. Amsar da za su ba ka ta yanke rabin shawarar. Accra damina biyu take yi, babbar daga wajen Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙaramar kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma duk wanda yake zaune kusa da babbar kwatar Nima, ko unguwar Alajo a bakin kogin Odaw, ko can ƙasan madatsar Weija, ya san yadda ruwan awa biyu yake shigowa ɗaki ba sallama. Daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka kashe mutane da yawa a Accra, bai fita daga zukatan mutane ba har yau. Kafet ɗin da aka manne da gam daga bango zuwa bango, idan ruwan kwata ya kwana a kansa, ya tashi daga aiki. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna take fara kama shi ta ƙasa, wari kuma ya zauna ko da an shanya saman. Tayil kuwa a share laka, a wanke da omo da ɗan bilic, a buɗe taga, shi ke nan.

Ko gidan da ambaliya ba ta taɓa shiga ba yana iya yin danshi daga ƙasa, musamman tsofaffin gidajen zango da aka yi daɓensu ba a sa leda a ƙarƙashin kankare ba. Gwajin ba ya cin kuɗi. Yanki leda mai kauri, ka shimfiɗa a kan simintin, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, to ƙasan tana tsattsafo da ruwa. Kafet mai mannewa, katako, da ledar ɗaki duk ba za su yi ƙarko a nan ba.

Kada a ɗauka ina ƙin kafet. Mu mutanen zaman ƙasa ne. A ƙasa ake cin tuwon zafi, a ƙasa ake shan ruwa da azumi, a ƙasa yara suke biya allo, ranar suna kuma mata su cika falo har bakin ƙofa, kujera ba ta isar kowa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da za ta yi sujada ta san bambancin laushi da sanyin tayil, kuma yaron da yake koyon tafiya in ya faɗi a kan kafet dariya yake yi ya tashi. Yana kuma shanye ƙara, abin da mai zama a saman bene da maƙwabcinsa na ƙasa za su yaba. Wanda ya yi salla a babban masallacin Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, zai fito yana sha'awar irin wannan shimfiɗar a falonsa. Sai dai masallaci yana da masu kula da shi, ba a shiga da takalmi, ba a cin shito, yajin nan mai mai, a ciki, ba jariri mai rarrafe ba wando.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce a gidan Musulmi. Najasa sai an wanke ta da ruwa mai tsarki har ta gushe. A kan tayil aikin minti biyu ne. A kan kafet mai soso a ƙarƙashi, fitsarin yaro ya riga ya nutse kafin uwa ta ɗauko buta, ruwan da za a zuba kuma ba shi da hanyar fita. Shi ya sa za ka ga gida cike da kafet amma kowa sai ya shimfiɗa darduma kafin ya ta da salla, ana shakkar wurin. Sai kuma turaren wuta. Yawancin kafet ɗin kasuwa zaren roba ne, gawayi ɗaya ya faɗo daga kasko ya narkar da wurin, tabon kuma ba ya gyaruwa. Haka ma tokar maganin sauro mai hayaƙi da dutsen guga da aka ajiye a ƙasa. Na ulu ba ya narkewa, ƙuna kawai yake yi sama-sama, amma yana da tsada, yana shan danshi, asu ma yana cinsa. Manja kuwa, in ya zuba a zaren roba, ya sami wurin zama.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu take sauka, kafet ya haɗiye ta, tsintsiya kuma saman kawai take taɓawa. Sauran watannin iskar teku ce mai laima, irin yanayin da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani suke hayayyafa a cikinsa. Gidan da yake da mai asma ko yaro mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, shawarata ɗakin kwanansa ya zama babu kafet. Wanda ya nace, to ya sa kuɗin injin zuƙe ƙura a lissafinsa tun farko, ya kuma tuna injin da wuta yake aiki. Waɗanda suka ga dumsor na 2015, wato yawan ɗauke wutar lantarki, sun gane abin da nake nufi.

Ɗan haya lissafinsa daban ne. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Mutum ya zube wannan kuɗin, me ya rage masa na tayil? Kuma tayil ba ya bin ka in ka tashi. Idan har za ka sa a gidan wani, zauna da mai gidan tukuna, ka ce masa, "Alhaji, ni zan sa, amma a cire daga kuɗin haya," a rubuta a takarda da shaidu biyu. In ya ƙi, sayi ledar ɗaki, wadda a nan ake cewa kafet na roba. Ita ce mafi araha, ana goge ta da tsumma, ana naɗe ta a tafi. Laifinta biyu: ƙafar gado da ta kujera suna huda ta, kuma duk ƙuraje da ramukan simintin da ke ƙasa sai sun fito a jikinta, nan take fara yagewa. A cike ramukan da siminti kafin a shimfiɗa, a kuma zaɓi mai kauri ko da ta fi tsada kaɗan. Mai sirara kafin babbar salla ta zagayo ta zama tsumma.

Mai gidan kansa, a ganina, tayil ne ya fi masa, amma a nan ma ake yawan asara. Tayil iri biyu ne a shago. Akwai na yumɓu na yau da kullum, akwai kuma faselin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani har ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Juya bayan tayil ɗin ka ɗiga ruwa: in ya shanye nan take na yumɓu ne, in ɗigon ya tsaya faselin ne. Na yumɓu ya isa ɗakin kwana. Falo, kicin da baranda da ake yawan takawa su ne wurin faselin. Yanzu ana yin tayil a cikin Ghana, kamar na kamfanin Twyford da ke Aboadze kusa da Takoradi, don haka ba dole sai na Sifen ko Italiya ba. Abin dubawa shi ne a haɗa guda biyu fuska da fuska a ga ko sun kwanta daidai ba lanƙwasa, a kuma tabbatar duk katan-katan ɗin lambar gashi ɗaya ce a jikinsu, domin launi yana ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi.

Mai sheƙi kamar madubi yana da kyau a hoto. A bakin banɗaki da wurin alwala kuwa tarko ne, ƙafa jiƙe, tsoho ya zame, karayar ƙugu a wannan shekarun ba wasa ba ce. Wuraren ruwa a sa mai kaushi. Fari tas kuma yana tona kowace ƙura, mai ruwan ƙasa ko toka-toka ya fi rufa wa matar gida asiri.

Ga lissafi don kada a cuce ka. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi murabba'in mita 13.4 ne. Tayil mai santimita 60 da 60, guda huɗu a katan, yana rufe mita 1.44. Ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, ka tashi da katan 11. Abin da ya ragu a ɓoye shi a ƙarƙashin gado, don bayan shekara uku irin wannan zanen ba lallai ka same shi a kasuwa ba. Kuma kuɗin katan ba shi ne kuɗin aiki ba: akwai siminti ko gam ɗin tayil, yashi, abin cike tsakani, tayil ɗin gindin bango, kuɗin mota da ladan mai sawa.

Mai sawar ya fi tayil ɗin muhimmanci. Wasu don su rage siminti sai su ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna tayil a kai. Ƙasansa ya zama rami, ranar da turmi ko ƙafar firji ta hau sai ya tsage. Je ka ga aikin da ya yi a wani gida kafin ku yi ciniki. Bayan ya gama naka, bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa da makulli. Duk wanda ya yi ƙara irin ta ganga, a cire a sake kafin ka biya cikon kuɗi. A banɗaki kuma zuba bokitin ruwa ka ga ko ya nufi magudana ko ya nufo ƙofa. Faselin ba ya kama siminti zalla sosai tunda ba ya shan ruwa, gam ɗin tayil yake so.

Tarazo mutane sun raina shi, wai na tsofaffin makarantu da asibitoci ne. Ai wannan shi ne shaidarsa: shekara da shekaru ana takawa yana nan. Tsakuwa ce da siminti ake zubawa a goge da inji, ba tsakanin da datti zai maƙale, in ya dushe a sake gogewa. Aikinsa akwai ƙazanta da jan lokaci, don haka ya fi dacewa da gidan da ba a tare ba tukuna. Daɓen siminti mai sulɓi da jan fenti ma ba abin kunya ba ne ga wanda kuɗinsa ya ƙare a rufi da ƙofofi. Tayil zai iya hawa kansa daga baya.

Katako sai mai hali da haƙuri. Itacen odum da na tik suna jure gara da laima, itacen wawa kuwa mai laushi ne, ƙwari suna cinsa, bai dace da ƙasa ba ko da an rage maka kuɗi a Timber Market, kasuwar katako ta Accra. Wanda bai bushe sosai ba zai kumbura da damina ya tsuke da hunturu, tsakaninsa ya buɗe. Akwai kuma falankan da ake haɗawa masu kamar katako. Laminet cikinsa garin itace ne da aka matse, ruwa ya shiga gefensa ya kumbura ba ya komawa. SPC kuwa garin dutse ne da roba, ruwa ba ya cinsa, amma yana son ƙasa mai daidai sosai, in ba haka ba haɗin ya ɓalle. A shago suna kama da juna, sai ka nemi a nuna maka gefen da aka yanka.

Abin da zan ce wa ƙanwata in za ta tare shi ne ƙasa ta zama mai tauri, laushin a ɗora shi a sama yadda za a iya ɗauke shi. Kafet na tsakiyar falo wanda mutum biyu za su iya naɗewa, a kakkaɓe, a kai wurin wankin mota a wanke da injin feshi, a shanya a rana. Guda biyu matsakaita sun fi guda ɗaya ƙato, don in yaro ya ɓata ɗaya, shi kaɗai za a fitar. Wajen saye, lanƙwasa shi baya ka duba: in kana hango zaren gindin da sauƙi, gashin bai cika ba, zai kwanta da wuri. Mai gajeren gashi ya fi sauƙin shara fiye da mai dogon gashin nan da shinkafa take ɓacewa a ciki. Na hannu da ake kawowa daga Turai wani lokaci ya fi sabo inganci, sai dai a shinshina shi, a duba bayansa ko akwai tabon ruwa, kuma a wanke shi kafin ya shiga ɗaki saboda kuɗin cizo. A sa masa ɗan abin hana zamewa a ƙasa in tayil ɗin mai sulɓi ne, kuma da zarar hadarin Yuni ya haɗo, masu zama kusa da kwata su naɗe shi su ɗora a kan kabad.