Shekara guda da shukar money plant a ɗakina

Gab da ƙaramar sallar bara na shiga Kano sayayya, na tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, na ɗauko wata 'yar shuka mai yaɗo a baƙar leda. Ganyenta kore ne mai ratsin ruwan ƙwai, kamar an yayyafa masa fenti. Mai sayarwar ya ce sunanta money plant. Daga baya na gano masana tsirrai Epipremnum aureum suke ce mata, asalinta kuwa wani tsibiri ne mai suna Moorea, can cikin tekun Fasifik. Na kawo ta ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, na dasa a tukunyar ƙasa.

Surukata da ta gani cewa ta yi, "Ke 'yar nan, ba a ci, ba a miya, meye amfaninta?" Na ce, "Inna, ganinta kawai sanyaya rai yake." Yanzu in ta shigo, ita ke fara leƙa ko an yi sabon ganye.

Saura kaɗan na rasa ta a watan farko. An ce mini in ba ta ruwa safe da yamma, ni kuma ga ƙasar fadama mai danƙo na cika tukunyar da ita, gindin ba huda. Ganye ya fara rawaya yana langaɓewa, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Da na tuge ta, saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, har da ɗoyi. Na yanke ruɓaɓɓen, na huda tukunyar, na haɗa yashi da tsohon takin da ya gama ruɓewa da ɗan dakakken gawayi, na mayar da ita. Tun daga ranar ba na zuba ruwa sai na tura yatsa na ji saman ƙasar ya bushe. Da bazara hakan kan kai kwana uku, da damina kuwa sai ta yi mako ba ta nema ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ratsin nan, don shi na saye ta. Wurin da ya yi ruwan ƙwai a ganyen ba shi da sinadarin kore da shuka ke haɗa abincinta da shi daga haske. Shi ya sa in ɗaki ya yi duhu take fitar da ganye kore zalla, ƙanana, gaɓoɓin su yi nesa da juna. Haka tawa ta yi da na ajiye ta a lungun gado. Na dawo da ita kusa da tagar gabas, bayan labule marar kauri, sai sabbin ganyen suka dawo da adonsu. Tsofaffin dai a korensu suka tsaya. Ranar tsaka ƙona ta take, haka ma zafin kwano: reshen da na ɗaure kusa da rufi ya soye.

Da hunturu ƙura ce damuwa. Duk Juma'a nakan goge ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle, da dare in rufe taga.

Iri kuwa ba wuya. Ki yanko reshe ƙasa da gaɓa, inda ɗan ƙullutun nan yake, ki tsoma a kwalbar ruwa kina canzawa, cikin mako biyu zuwa uku saiwa ta fito. Maƙwabta huɗu na ba.

Aibinta guda, kuma babba ne a gida mai yara: dangin gwaza ce. Ƙaiƙayin da ɗanyen gwaza ke sa wa a maƙogwaro, ita ma tana da shi, har baki ya kumbura. Yaro mai rarrafe, mage ko ɗan akuya duk kada su kai gare ta, kuma a wanke hannu bayan an yanka. Tawa a ƙusa na rataye ta, duk reshen da ya sauko ƙasa da kafaɗata sai in naɗe shi sama.

Duk wadda ɗakinta ke da taga mai haske, ina ba ta shawara ta saya, ƙarama ma ta isa. Tawa da ta zo da ganye 6, yanzu ta zagaye saman tagar ta kama hanyar ƙofa.