Saƙo daga Hong Kong: asibitin da 'yan kasuwa suka gina

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya gida, ya kasuwa, ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Saƙonka ya same ni. Na'urar awon hawan jinin na saya, da ta awon suga, suna cikin kayan da za su taso. A nan ba wai sun fi araha ba ne sosai, abin da kake saya shi ne kwanciyar hankali: ka shiga babban kantin magani, abin da ke jikin kwali shi ne a ciki, kuma in ta lalace ka koma da rasit a saurare ka. Amma kada yara su ɗauka komai na nan haka yake. Ɗakin da nake biya wa haya, in ka shimfiɗa sallaya biyu ya cika, kuɗinsa na wata kuwa ya isa hayar gida guda ta shekara a unguwarmu. Naman halal akwai, sai dai tsada. Wuta ce dai tunda na zo ban ga ta ƙifta ba, har na manta ƙarar janareta.

Sai batu na biyu, na asusun jinya da 'yan layinku suke son kafawa, da ka ce in faɗi abin da na gani a nan. Shi ya sa wasiƙar ta yi tsawo, a yi haƙuri.

Kwanakin baya na raka wani abokin zamana asibitin Kwong Wah da ke Yau Ma Tei, ba nisa daga masaukinmu. Ka san yadda muka yi lokacin da aka kwantar da Baba, Allah Ya jiƙansa: mu sayo safar hannu, mu sayo sirinji da ƙarin ruwa, mu nemo mai ba da jini, Inna ta kwana a kan tabarma a baranda, abinci kuma daga gida. A nan majinyaci ba ya ɗaukar komai sai kansa. A farashin da gwamnati ta sa a 2017, mai katin zama ɗan gari yana biyan dalar Hong Kong 180 a sashen gaggawa, kwana ɗaya a gado 120, kuma cikinsu har magani da gwaji da abinci. Baƙo mai bizar ziyara shi ne ke ɗanɗana kuɗarsa, don 1,230 ne a sashen gaggawa, kwana ɗaya 5,100. An ƙara kuɗin tun daga nan. Dalar Amurka ɗaya tana kusan 7.8 na nan, sai ka yi lissafi da kanka. Saboda haka maganar a kawo Hajiya nan ma ba ta taso ba.

Ina jiransa ne na hangi wani tsohon gini mai rufin 'yan Caina, ɗan ƙarami a tsakiyar dogayen benaye kamar an manta da shi. Ashe shi ne ainihin zauren asibitin na farko, an mayar da shi gidan tarihi. An buɗe shi a 1911, kuma ka san wa ya buɗe? Gwamna Lugga. Shi dai wanda sojojinsa suka ci Kano a 1903. Bayan ya bar Arewa a 1906 nan aka turo shi, ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912, sannan ya koma ya haɗa Kudu da Arewa a 1914. Har titi mai sunansa akwai a kan dutsen da ke saman birnin. Na daɗe a tsaye ina mamakin yadda mutumin nan ya riga ni zuwa.

Kwong Wah ƙane ne. Babban wan shi ne Tung Wah, a tsallaken ruwa, cikin tsibirin, kuma labarinsa ba da daɗi ya fara ba. Turawan Ingila sun kama tsibirin a 1841, talakawa daga Kudancin Caina suka yi ta kwararowa ci-rani, 'yan dako da magina da matuƙa kwale-kwale, yawancinsu maza ba iyali. Akwai asibitin gwamnati, amma ba sa zuwa. Suna tsoron wuƙar likita, suna tsoron a feɗe gawarsu, don a wurinsu mutum ya koma ga kakanninsa da jikinsa cikakke. Masu gidajen haya kuma ba sa son a mutu musu a gida. Sai wani ɗan ɗakin ibada a unguwar Tai Ping Shan, wanda aka gina a 1851 don ajiye allunan sunayen waɗanda suka mutu a baƙunci, ya zama wurin da ake kai wanda aka fid da rai da shi. A 1869 wani jami'i Bature, Alfred Lister, ya shiga ya tarar da masu rai da gawarwaki kwance wuri ɗaya cikin ƙazanta, babu mai ba su ko ruwa. Jaridu suka ɗauka, gwamnati ta ji kunya.

Gwamnan lokacin, MacDonnell, ya yarda manyan 'yan kasuwar Caina su gina asibiti nasu, su riƙe da kansu, a yi magani irin nasu. Aka yi doka a 1870, aka buɗe a Fabrairun 1872. Gwamnati ta ba da fili a titin Po Yan, wanda a da maƙabarta ce, da dala 115,000. Kuɗin nan, in gaya maka gaskiya, daga lasisin gidajen caca suka fito, waɗanda Landan ta hana a zuba a baitulmali. Wannan ɓangaren kam ba abin koyi ba ne a wurinmu.

Abin da nake so ka karanta wa mutanenka shi ne yadda aka tsara riƙon. Shugabannin asibitin ba likitoci ba ne, ba kuma ma'aikatan gwamnati ba. Ƙungiyoyin kasuwa ne ke tsayar da su: 'yan shinkafa nasu, 'yan yadi nasu, masu fatauci tsakanin Kudu da Arewa nasu, masu hulɗa da Kalifoniya nasu, dillalan kamfanonin Turawa nasu, har da masu cinikin ofiyom, wani kayan maye, don a lokacin ba a hana shi ba. Shugaban farko, Leung On, dillalin wani kamfanin Ingila ne. Ka ƙaddara a ce Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai kowacce ta ba da mutum ɗaya da ta yarda da shi. Wa'adinsu shekara ɗaya ce, a sauka wasu su hau. Ba albashi, hasali ma wanda ya hau shi ke fara zuba nasa. Sannan duk shekara sai a buga littafi a raba: wane ya ba da kaza, shagon wane ya ba da kaza, an sayi shinkafa ta kaza, akwatin gawa guda nawa, an biya mai magani nawa. Wanda ya bayar zai ga sunansa, wanda ya maƙale hannu kuma duk kasuwa za ta lura babu nasa. Na san za ka ce sadaka a ɓoye ta fi lada, kuma haka ne. Amma kuɗin jama'a daban, sadakar mutum daban. Mu nawa muka ga asusun masallaci ko na ƙungiyar unguwa ya mutu, ba don an rasa masu bayarwa ba, sai don ma'aji ɗaya ya shekara goma ba wanda ya isa ya ce ya kawo littafi?

Me attajiran ke samu? Girma. Ɗan Caina a lokacin ba shi da ta cewa a mulkin garin, sai zauren asibitin ya zama fadarsu. Nan ake kawo rigimar bashi da ta aure, nan ake kai kuka a isar wa gwamna. Kamar dai Sarkin Zango a Kumasi ko Sarkin Hausawan Sabo a Ibadan, sai dai su waɗannan rawaninsu na shekara guda ne. Har kayan sarautar Caina suke sawa ranar biki, masu gashin dawisu a hula. Aikin ya yi ta faɗi ya wuce jinya. Suka buɗe makarantar kyauta a 1880, suna yi wa yara lambar agana, suna mayar da waɗanda aka yaudara zuwa ci-rani garuruwansu, suna tara gudummawa in an yi fari ko ambaliya a Caina. Ƙungiyar Po Leung Kuk, mai ceton mata da yaran da aka sace, da aka kafa a 1878, a harabarsu ta fara zama. A 1908, zamanin Lugga, doka ta miƙa musu ɗakin ibadar Man Mo da gidajensa, kuɗin hayar suna shiga aikin. Wannan ai waƙafi ne, ko da ba su kira shi haka ba.

Akwai wanda ya fi ba ni mamaki. Suna da gidan ajiye gawa a Sandy Bay tun 1899. Ɗan Caina in ya mutu a Amurka ko Ostareliya ko Kuba, bayan shekaru sai 'yan garinsu su tono ƙasusuwan, su wanke, su sa a akwati da sunan ƙauyensu, a turo Hong Kong ta jirgin ruwa. Tung Wah ta karɓa, ta rubuta, ta ajiye, ta aika har ƙauyen. Bayan 1949 hanya ta toshe, akwatuna da yawa suka maƙale a nan. Mu dai alhamdu lillahi an sauƙaƙa mana, inda ta same ka nan za a yi maka sutura, ƙasa duk ta Allah ce, kuma akwai maƙabartar Musulmi a Happy Valley da Chai Wan. Duk da haka, ranar da na ga hotunan wasiƙun da ke rako ƙasusuwan, da na koma ɗaki barci bai zo da wuri ba. Wanda ke zaune a garin wasu ya san abin da nake nufi.

Kada ka ɗauka komai ya tafi sumul. Shekaru ashirin da wani abu na farko maganin gargajiya zalla ake yi, saiwoyi da sassaƙe da jiƙo, ba tiyata. Mutane da yawa sai sun kai gargara ake kawo su, don haka mace-macen suka yi yawa, likitocin Turawa suna ta sukar wurin. Sai annoba ta faɗo a Mayun 1894, irin wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta kashe fiye da mutum 2,500 a shekarar. Gwamnati ta sa sojoji suna bi gida gida, suna fito da marasa lafiya ana kai su wani jirgin ruwa da aka mayar asibiti, mai suna Hygeia. Jita-jita ta cika gari cewa Turawa na yanka mutane suna haɗa magani. Ka tuna abin da ya faru da allurar shan inna a Kano a 2003, to kusan haka. Shugabannin Tung Wah suka shiga gaba kura baya sayaki: gwamnati na cewa suna ɓoye masu cutar, talakawa na cewa sun sayar da su ga Turawa, har shugaban na shekarar ya sha jifa. Dubban mutane suka gudu Gwanzu. A ƙarshe aka rushe gidajen unguwar Tai Ping Shan, yanzu lambu ne a wani ɓangaren wurin, na je na ga tsofaffi suna motsa jiki.

A 1896 aka kafa kwamitin bincike, wasu na son a rufe asibitin. Ba a rufe ba. Aka sa musu likita ɗan Caina da ya yi karatun likitancin Turawa, aka ce majinyaci ya zaɓi irin maganin da yake so. A hankali, da mutane suka ga wanda aka yi wa aiki ya tashi ya koma dako, suka riƙa zaɓar na zamani da kansu. Ni a ganina nan Turawa suka yi wayo, attajiran kuma suka yi haƙuri, don ikonsu ya ragu daga ranar. Da an rufe, da talaka ya koma mutuwa a lungu.

Asibiti na uku ya zo a 1929, aka haɗa ukun ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1931. Yau asibitocinsu biyar ne, kuma tun 1991 suna cikin tsarin asibitocin gwamnati, shi ya sa farashin da na faɗa maka ya shafe su. Hukumar 'yan kasuwar tana nan, har yanzu shekara shekara ake sauyawa, tana riƙe da makarantu da gidajen tsofaffi da wuraren maganin gargajiya, da jana'izar wanda ba shi da kowa. Ranar Asabar da safe za ka ga 'yan makaranta a bakin tashar jirgin ƙasa da jaka, ka jefa 'yan canji su manna maka 'yar takarda a riga don kada na gaba ya sake tare ka. Duk shekara kuma akwai daren da ake tara musu kuɗi a talabijin.

Ku naku ba gini za ku fara ba, na sani, kuɗin tiyata da na jini ne ga yaran shago da 'yan dako. To ka gaya wa Alhaji da sauran dattawan, da ladabi, cewa ni zan sa nawa duk wata, amma da sharaɗi biyu: ma'aji da shugaba su sauka bayan shekara, kuma a manna lissafi a bakin layi duk ƙarshen wata, abin da ya shigo da abin da ya fita. Sunan majinyaci kada a rubuta, a rufa masa asiri. In sun ji nauyin maganar ka ce ni na faɗa, ina nesa, ba mai hararata.

Kayan za su taso ranar Laraba in Allah Ya yarda, zan turo maka lambar. Na'urar hawan jinin tana cin batiri huɗu ƙanana, na sa ƙari a ciki. A riƙa auna Hajiya da safe kafin ta karya, a rubuta a takarda a kai wa likita. In an sami mai tahowa a aiko min da yaji da kuka, daddawar kuma a ɗaure ta sosai, wancan karon duk jakar mutumin ta ɗauka. A gaida Hajiya da Inna da Kawu, da amarya da yara.

Ƙaninka.