Makbas ɗin da na sayo na hannu a Gadarif: yana aiki, amma ya ci mini yankan farko

Tun da na jawo makbas ɗin nan daga Gadarif mutane ke tare ni a kasuwar Halfa Jadida suna tambaya, "Yaya injin naka?" Amsar da nake bayarwa ta danganta da ranar da aka tambaye ni. Yau dai na zauna in faɗi duka, da mai daɗi da marar daɗi. Ga 'yan uwan da ba a nan Sudan suke ba, makbas shi ne injin da tarakta ke ja, yana tsince busasshiyar ciyawa daga ƙasa, ya danne ta, ya ɗaure da igiya biyu, ya tofo ta ta baya. Wannan damin mai kusurwa huɗu shi muke kira bala.

Ni ƙaramin manomi ne. Faddan goma (faddan kusan eka ɗaya ne) na kama haya a filayen amlak, wato gonakin mallaka na gefen gari, shida na zuba barsim, ciyawar dabbobi mai ganye, huɗu na bar wa abu sab'in, wato dawar da ake shukawa don dabbobi. Shekara da shekaru da lauje muke yanka mu ɗora a karo, amalanken jaki, mu sayar ɗanye, abin da ya kai la'asar ba a saya ba ya yi yaushi ya zama rabon awakin gida. Alhali daga Afrilu har faɗuwar damina masu shanun madara neman ciyawa suke yi ido rufe. Shi ya sa na ce bari in riƙa busarwa ina ajiyewa. Tarakta akwai ta surukina, Massey Ferguson 290, tsohuwa mai ƙashin arziki. Saura injin yanka, da manjagara, da makbas. Sabo kam ba a ma fara zancensa, kowa ya san yadda kuɗinmu fam ya koma.

Duk mai harkar injunan gona a Gadarif ya san filin da nake nufi, ya san mutumin da ya sayar mini, ba sai na kama suna ba. Yawancin kayansa ta tashar jirgin ruwa ta Suwakin suke shigowa daga Jidda. Tun da Saudiyya ta hana manyan gonaki noman ɗanyar ciyawa a ƙarshen 2018 don tattalin ruwan ƙarƙashin ƙasa, injuna da yawa suka rasa aikin yi a can, wasunsu suka tsallako teku. Da wannan labarin ya kama ni. Ya ce wannan ɗin bai wani wahala ba, yana cikin ganiyarsa doka ta kwantar da shi. Ga fenti ja yana ƙyalli, har tayoyi an shafa musu baƙin mai. Ya haɗa shi da taraktarsa, ya kai kardan, sandar da ke juya injin daga tarakta, juyi 540 ɗinsa a minti, injin yana bugawa lafiya lau ba wata ƙara. Ya tura 'yan karan dawa da hannu, ya saki maɗauri, ƙulli biyu suka fito cas. Wallahi a nan zuciyata ta gama saye.

Kawuna da ya rako ni ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan cinikin biri a sama ne. A kai shi gona ya ci ciyawa mu gani." Mai kaya ya ce babu jaz, wato man dizal, da za a ƙona a banza, kuma akwai wani daga Fau da zai zo da kuɗi gobe. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kada ya kuɓuce." Na tura kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, dillali ya karɓi la'adarsa, aka sha jabana, wato gahawa, aka yi fatiha. Injin yanka da manjagara ma a wurinsa na haɗa, ya ce ya yi mini ragi.

Injin yankan ba ni da abin cewa a kansa. Wuƙaƙe kawai na canja, har yau bai taɓa ba ni kunya ba.

A farkon Janairu barsim ya fara ɗan fure, na yanka faddan shida gaba ɗaya. Wannan kuskurena ne, na yarda, da na yanka biyu na fara gwaji. Sanyi ne, iska busasshiya, kwana uku ya yi daidai, in ka murɗa kara a hannu ba ruwa, ganye kuma bai fara karyewa ba. Ranar farko da asuba muka shiga, kafin fatur, karin kumallon hantsi, mun fitar da bala casa'in da 'yan kai, kowace a matse, namiji ɗaya na ɗauka ba wahala. Maƙwabta suka taru a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, suna kallo. Na kira Kawu na ce masa ya zo ya ga birin nasa ya sauko.

Washegari a layi na uku na ji wata ƙara kamar an buga guduma a kan tukunyar ƙarfe, tarakta ta yi tari, sai ƙara ta biyu da ta fi ta farko. Kafin yaron da ke tuƙi ya kashe kardan an gama. Wani guntun kututturen bishiyar miskit ne manjagara ta tattaro cikin layi. Duk wanda ya yi noma a Halfa ya san miskit, ka sare shi bana, baɗi ya gaishe ka. Na leƙa ƙarƙashi na ga alluran nan biyu masu lanƙwasa da ke kai igiya sama duk sun karye, ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku.

Na ɗauko Usta, babban makanike, daga unguwar masu gyara a raksha, babur mai ƙafa uku. Dattijo ne, ba ya son surutu. Ya zagaya injin sau ɗaya, ya tsuguna wajen haddafa, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi na gaba, ya ce a ba shi sifana. Ya kwance wani noti ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ka san mene ne wannan?" Na ce noti. Ya ce, "Na kan injin lori ne."

Ashe a wurin akwai notin kariya da aka yi shi musamman don ya tsinke. In dutse ko itace ya shiga, madanni, ƙarfen da ke danne ciyawa, ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa, notin ya katse, haddafa ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, sauran injin ya tsaya cak. Ka cire itacen, ka sa wani noti, ka ci gaba, aikin minti biyar. To wani gwani ya gaji da canjawa, ya ɗaura mai taurin da ba ya karyewa. Da kututturen ya shiga, bugun ya rasa inda zai huce, sai sarƙa ta tsallake haƙori, saiti ya goce, allurai suka shigo akwatin a daidai lokacin da madanni ke dawowa. Ko a nan ma da an tsira, domin akwai wata sakata da ke faɗowa ta tare madanni muddin allura na ciki. Usta ya kwanta a ƙasa ya haska da wayarsa, ya ce in zo in gani. Sifirin ɗin sakatar babu shi. An ja ta baya an ɗaure da waya, kuma an bi ta kan wayar da jan fenti. Wannan fentin shi ne ya fi ƙona mini rai. Da tsatsa na gani a kan wayar, sai in ce aikin wani ne can a Saudiyya shekarun baya. Amma wanda ya riƙe burushi ya shafa mata fenti ya gan ta da idonsa.

Da can sai ka buga waya Hartum, washegari kaya su iso a bas. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai wannan hanya ta toshe mana. Muka tambaya Kasala babu, Gadarif babu, Bur Sudan wani ya ce zai duba, har yau yana dubawa. Usta ya ce ƙarfen zubi ne, walda ta yau da kullum ba ta riƙe shi, sai dai likin tagulla. Ya gasa gutsattsarin a wuta, ya liƙa, ya binne su cikin toka su huce a hankali don kada su tsage. Ga wutar lantarki da ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama. Da liƙi da gyaran lanƙwasa da sake saiti, kwana shida.

Kwana shidan nan barsim ɗina na kwance a rana. Wanda bai san barsim ba zai ce ai ƙara bushewa ya yi. Amfanin barsim a ganye yake, can yawancin abin gina jikin yake, kara kuwa cikon ciki ne. In ya bushe ƙayau, da ka taɓa shi ganyen ya zube kamar garin lalle. Launin ma ya tashi daga kore ya koma na tabarma. Sannan zagayena na ban ruwa ya zo ya wuce, don ba a sakin ruwa a kan ciyawar da ke kwance. Mu da muke sha daga madatsar Hashmul Girba mun san darajar zagaye. Tun 1964 take, laka ta cinye wajen rabin cikinta, kuma ko da madatsun Atbara da Sitit da aka buɗe a 2017 sun kawo sauƙi, ba a ce ruwa ya tsaya jiran mai gyaran allura ba. Dare biyu kuma na kwana a gona da tocila saboda raƙuman makiyaya. Da aka gama gyara muka ɗaure abin da ya saura, ƙura ce ke tashi a bayan injin, ganyena ne ke bin iska ina kallo. Mai shanun da muka yi magana da shi tun farko ya zo ya zare hannu ɗaya daga cikin bala, ya shinshina, ya ce, "Malam, wannan ai tsintsiya ce." Kuɗin kara ya biya.

Na kira mai kaya. Da farko ya ce bai gane wane inji ba. Da na tura masa hoton wayar da fentinta sai ya ce, "Ya Hajj, kayan hannu ne, ka gani ka saya." Na ce na ga fenti dai. Ya ce ƙaddara ce. Kawu ya sa baki ta wajen dillalin, don sun san juna tun a Mai Wurno, aka yi ta kai da komo, daga ƙarshe ya aiko mini da ƙunshin igiya biyu wai a sha ruwa. Igiyar ma ta kwana a rana har ta fara gari, ɗaya ce ta yi amfani.

Amma in don injin kansa ne, tsakani da Allah, ba zan zage shi ba. Wanda ya ƙera shi ya sa kariya har biyu, mutum ne ya cire. Tun da Usta ya mayar da sakata, ya samo notocin da suka dace na cika gwangwani da su, na yi yanka uku na barsim, na ɗaure abu sab'in, kuma da aka girbe alkama a Maris na shiga gonakin mutane ina ɗaure musu bambaro ana biyana a kan kowace bala. Wannan aikin ma ban sa shi a lissafi ba lokacin saye, shi ne ya mayar mini da kuɗin jaz da na Usta. Noti ya tsinke sau bakwai ko takwas, kuma duk lokacin da ya tsinke hamdala nake yi. Jaz kaɗan yake sa tarakta ta sha. Rumbun da da yake cika da ciyawar faddan ɗaya yanzu yana ɗaukar ta uku.

Abu sab'in dai sai da haƙuri. Karansa kauri gare shi, sama ta bushe ciki da ruwa. Saboda tsoron abin da ya same ni a Janairu na yi gaggawar ɗaure shi, bayan kwana huɗu na tura rodi cikin tarin na zaro shi da zafi, ga wani wari kamar na taba. Ciyawar da danshinta ya haura kashi 20 cikin ɗari haka take yi, ta yi fumfuna, wani lokaci har ta kama wuta da kanta. Muka warware tarin cikin dare muka baza. Wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Da na so in ce in an sake ba ni zaɓi zan sake saye, sai na tuna manjagara. Ragin da ya ce ya yi mini ashe kuɗin haƙoran da babu ne. Goma sha ɗaya na ƙirga, wasu kuma rodin gini aka lanƙwasa aka soka, suna tonon ƙasa suna cusa mini hoge cikin layi, kuma ina kyautata zaton su suka tono kututturen nan. Maɗaurin hagu ma har yanzu yakan saki ƙulli ɗaya a cikin bala talatin ko arba'in, domin bakin tsuntsun da ke murɗa igiya ya cinye, sai na sa yaro yana bin baya yana ɗaurewa da hannu. Na'urar ƙirga bala ba ta taɓa motsi ba, a kan lamba ɗaya take tun Gadarif, lambar da ya nuna mini yana cewa duba, bai yi aiki ba. Ni kuma na duba na gyaɗa kai.

Masu tambayata ko su je wurinsa, ni dai ba zan raka kowa ba. In kun nace, ku tafi da makanikenku, ku kwanta ƙarƙashin injin da tocila, ku kwance notin haddafa ku duba, ku taɓa sakata ku ga tana motsi, kuma ku sayi jaz ɗin gwaji da kuɗinku ya ɗaure bala hamsin a gabanku. Allurai na liƙi har yanzu suna riƙe, amma kullum na shiga gona kunnena na kansu. Ɗan yayata da ke Jidda ya ce ya samo sababbi guda biyu, yana jiran mai tahowa ta Suwakin. Manjagarar kuwa na sa ta a kasuwa, duk mai so ya zo ya gani, haƙoranta goma sha ɗaya babu, na faɗa tun yanzu.