Chamonix ko Zermatt: Ina Ya Fi Dacewa Iyali Su Kama Otal?

Alhaji, ka ce kai da Hajiya da yara uku kuna son yin mako guda a tsaunukan Alps cikin hunturu, babu wanda ya taɓa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a cikinku, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin otal a Chamonix ta Faransa da otal a Zermatt ta Suwizalan. Ni dai Chamonix zan ce maka. Zermatt ta fi kyan gani, wannan babu gardama, amma kyan gani ba shi kaɗai mai iyali yake dubawa ba.

Fara da hanyar zuwa. Daga filin jirgin saman Geneva zuwa Chamonix tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota, kuma akwai ƙananan bas na haya da suke ajiye mutum a ƙofar otal ɗinsa. Zermatt kuwa daga Geneva ɗin sai ka shiga jirgin ƙasa, ka sauka a Visp ka canza wani, tafiyar ta kusa awa huɗu. Ko mota ka ɗauka ba za ta kai ka ba, domin an hana motoci masu amfani da mai shiga garin. A Täsch ake ajiye su, kilomita 5 kafin gari, a ƙarasa da jirgin ƙasa. A cikin gari sai 'yan ƙananan motocin lantarki da keken doki. Wannan shi ya sa garin yake shiru da tsabtar iska, amma ka tuna yadda mutanenmu suke tafiya da akwatuna. Idan Zermatt ka zaɓa, tambayar farko da za ka yi wa otal ita ce ko suna turo motarsu tashar jirgi ta kwashi baƙi da kaya.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A Chamonix da yuro ake ciniki, a Zermatt da faran na Suwizalan, kuma kusan komai ya fi tsada a can: ɗaki, abinci, tikitin hawa dutse, har shayi. Ɗakin da tagarsa ke kallon dutsen Matterhorn kuɗinsa daban ne da wanda ke kallon bangon maƙwabta, ko da a bene ɗaya suke. A garuruwan biyu akwai harajin baƙi da ake lissafawa a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. Sannan otal-otal na Turai ba sa wasa da adadin mutanen ɗaki. Ku biyar ne, ba za a bari ku shimfiɗa wa yara katifa a ƙasa ba, dole ɗaki biyu ko ɗakin iyali. A nan ne tsadar Zermatt take fara cizo.

Abin da ya fi yawan taurarin otal muhimmanci shi ne inda aka gina shi, kuma a nan garuruwan suka fi bambanta. Chamonix doguwar kwari ce, wuraren zamiyarta a warwatse suke: Brévent da Flégère kusa da gari, Grands Montets a Argentière, Les Houches a wannan ƙarshen, Le Tour a wancan. Gwanaye suna ƙorafin cewa kullum sai sun bi bas da takalma masu nauyi. Ku wannan bai shafe ku ba sosai, saboda filayen 'yan koyo irin su Le Savoy da Les Planards a gefen gari suke, da ƙafa ma ana zuwa. Ka kama otal a tsakiyar gari kusa da tashar jirgin ƙasa. Kada arhar ɗaki ta ja ka zuwa wani ƙauye a ƙarshen kwari, ka wayi gari kana tsaye da yara a tashar bas cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili.

A Zermatt wuraren zamiyar a haɗe suke da juna, har mutum yana iya ƙetarawa zuwa Cervinia ta Italiya ya ci abincin rana ya dawo. Ga wanda ya iya, wannan garaɓasa ce. Ga ɗan koyo kuwa, babban filin yara yana sama a Sunnegga, mita 2,288, sai an hau jirgin da ke bi ta cikin dutse kafin a kai. Garin kansa a jikin gangare yake, saboda haka otal ɗin da ya rubuta cewa minti biyar ne zuwa tasha yana iya nufin hawan tudu a kan ƙanƙara mai santsi. Duba taswira da kyau kafin ka biya.

Na san a zahiri ba zamiyar ce za ta cinye muku mako ba. Yara za su yi darasin safe, ku manya kuna neman abin kallo. Chamonix gari ne na gaske mai mazauna kusan 9,000, da kantuna da wuraren zama, kuma a nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Motar igiya tana ɗaga mutum zuwa ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kimanin minti 20, ga dutsen Mont Blanc a gabanka. Sai dai ba a hawa da yaron da bai kai shekara 3 ba, kuma ko babba yana iya jin jiri da ciwon kai a can saboda ƙarancin iska. Akwai jan jirgin Montenvers da ke kai wa ga kogin ƙanƙara na Mer de Glace. Akwai kuma hanyar cikin dutse mai kilomita 11.6 da aka buɗe a 1965, wadda ke fitar da kai Courmayeur ta Italiya.

A wannan fannin Zermatt tana da abin da nake ganin ya fi sauƙi ga iyali: jirgin Gornergrat, wanda yake aiki tun 1898. Daga gaban tashar gari yake tashi, ya hau a hankali har mita 3,089 cikin minti talatin da 'yan kai, kana zaune kana kallon Matterhorn ta taga. Dutsen nan mai mita 4,478 shi ne wanda ya daɗe a jikin kwalin cakulan Toblerone. Bature ɗan Ingila Edward Whymper da tawagarsa ne suka fara kai wa ƙololuwarsa a 1865, mutum huɗu suka mutu a hanyar saukowa, kuma otal ɗin Monte Rosa da ya sauka a ciki yana nan a tsakiyar gari har yau. Akwai otal a can saman Gornergrat ɗin, amma ban ba ka shawarar kwana da yara a irin wannan tsayi ba. Garin Chamonix yana mita 1,035 ne, bai ma kai Jos tudu ba, Zermatt kuwa mita 1,620, kusan tsaunin Mambila. Duka biyun jiki yana ɗauka.

Sai abinci, inda ya kamata ka buɗe ido a ko'ina ka sauka. Otal-otal da yawa suna sayar da ɗaki haɗe da karin kumallo da abincin dare, Faransawa suna kiransa demi-pension. Yana da sauƙin lissafi, amma abin da mai dafa abinci ya tsara shi za a kawo. Fondue, narkakken cukun da suke alfahari da shi, da giyar inabi ake haɗa shi. Tartiflette na yankin Chamonix da naman alade ake yinsa. Raclette cuku ne da dankalin Turawa, amma yawanci yana zuwa da farantin busasshen nama a gefe. Ka rubuta wa otal tun kana gida cewa kifi da kayan lambu kuke ci, ba alade ba giya, ka ga irin amsar da za su ba ka; daga amsar za ka gane irin mutanen da za ka zauna da su. Idan son samu ne, ku kama masauki mai ɗan kicin. Akwai Super U a Chamonix, akwai Coop da Migros a Zermatt, Hajiya ta taho da yajinta da garin kuka.

Ku tafi da buta da darduma. A Disamba da Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe 8 ta faɗi wajen 5, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, sai a tsara fita da wannan a rai. Wani abu da ba a faɗa wa baƙo: a yankunan masu jin Jamusanci, kuma Zermatt tana ciki, ɗakin gumi na otal sau da yawa maza da mata ne a haɗe, ba tufafi. Ka tambaya kafin wani yaro ya tura ƙofa. Da Ingilishi za ku biya buƙata a garuruwan biyu, amma mai jin Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, a Chamonix zai fi sakewa.

Lokaci kuma yana canza farashi fiye da komai. Makon Kirsimeti da Sabuwar Shekara da hutun makarantu na Fabrairu su ne kan gaba a tsada da cunkoso, wasu otal ɗin ma sai su ce mako cur za ka kama, Asabar zuwa Asabar. Daga mako na biyu na Janairu zuwa ƙarshensa abin yana lafawa.

Bizar Schengen guda ta isa ƙasashen biyu, amma a ofishin ƙasar da za ku fi yawan kwana ake nema. Idan Chamonix ce, Faransa za ka nufa ko da a Geneva jirgi zai sauke ku. Ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba asara har bizar ta fito. Inshorar lafiya da ake buƙata don bizar, wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000, ba lallai ta ƙunshi raunin wasan ƙanƙara ba, kuma ɗauko wanda ya karye daga filin zamiya kuɗi ake biya, saboda haka ka karanta takardar. Soket ɗin Faransa da na Suwizalan ba iri ɗaya ba ne, kuma babu wanda fulogin Najeriya mai ƙafa uku zai shiga, a nemi adafta.

Da kai da Hajiya kaɗai ne na kwana uku, kuna son shiru da kallon dutse daga baranda, da na ce ka rufe ido ka biya Zermatt. Da yara uku 'yan koyo da mako guda, ka nemi ɗakin iyali a tsakiyar Chamonix, ka kuma yi wa yaran rajistar makarantar zamiya tun yanzu, domin gurbin darasin safe yana cika da wuri.