Kayan miya: mai tebur, Yankaba, ko bakin lambu?

Duk mai cefanen gida mai baki da yawa a Kano ya san halin tumatir. Daga Janairu zuwa Maris, idan na noman rani ya fara kwararowa daga Kadawa, Kura da Bunkure, kwando yakan faɗi har manomi ya rasa kuɗin mota. Damina na kamawa kuma sai ka ga ƙwaya huɗu a kashi, mai kayan yana haɗe rai.

Mai tebur na unguwa yana da ranarsa. Yana ƙofar gida, yana ba da bashi, ga gyara. Sai dai kayansa sun bi hannun dillali da ɗan sari kafin su iso, kowa ya ɗora nasa. Miyar yau kawai yake fitarwa.

Kasuwar Yankaba ta fi sauƙi in kwando za ka ɗauka, amma ka je da sassafe, kuma kada saman kwando ya ruɗe ka. Manya jajaye ake jerawa a sama, ƙasa kuwa wani lokaci duk ya farfashe yana tsiyayar ruwa. Ka sa a ɗaga maka. Ka lissafa la'ada, ɗan dako da adaidaita kafin ka ce ka yi araha.

Bakin lambu fa? Bara mu huɗu 'yan layi ɗaya muka haɗa kuɗi muka bi hanyar Zariya, tafiyar da ba ta kai awa ba. Gonakin can da ruwan madatsar Tiga ake ba su, wadda aka kammala a 1974. Wani dattijo ya miƙo mini kwando ya ce, "Malam, shiga ka tsinka da hannunka, wanda ka bari nawa ne." Tumatirin da tauri, ƙamshin ganye bai bar shi ba, ya yi kwana shida a tsakar gida ko ɗaya bai ruɓe ba. Kuɗin kuma hannunsa ya faɗa kai tsaye. Rabi aka markaɗa aka tafasa, rabi aka yanka aka shanya.

Amma kai kaɗai, don kwando guda, kuɗin mai zai cinye ribar. Kuma kana iya zuwa manomi ya ce kayan na wani ne, domin dillali ya ranta masa kuɗin taki da fetur tun farkon shuka.

Abin da ya fi kai ni lambu ma ba farashi ba ne, tambaya ce. Tun 2016 da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Arewa, feshi ya yawaita. A lambu za ka iya cewa, "Baba, yaushe aka yi feshin ƙarshe?" A kasuwa wa zai amsa maka?

Ruwan ma a duba shi, don ba kowane lambu ne mai tsabta ba. Na gefen rafin Jakara suna nan cikin gari, latas da kabejinsu kore shar, amma ruwan kwatocin birni ne, can gaba kuma rafin Getsi ya haɗo da dattin masana'antun Bompai. Alayyafon da za a dafa da sauƙi-sauƙi. Latas da yara za su ci ɗanye kuwa, ni dai sai na leƙa inda bakin tiyon injin yake tsotso kafin in zaro kuɗi.