Wane Maganin Zaizayewar Ƙashi Ya Dace Bayan Tiyatar Sauya Kwatangwalo?

Ƙarfen da ake dasawa a cikin ƙashin cinya ya fi ƙashin tauri, saboda haka shi ne ke ɗauke mafi yawan nauyin jiki, ƙashin da ke kewaye da shi kuma, musamman ɓangarensa na sama, sai ya fara zaizayewa domin aikinsa ya ragu. Abin ya fi tsanani a shekarar farko bayan tiyata, kuma ya fi zama abin damuwa ga wanda dama ƙashinsa ba shi da ƙwari, kamar matan da suka daina al'ada. Bincike ya nuna cewa magungunan zaizayewar ƙashi suna rage wannan asara, amma a ganina ƙwarin ƙashin jiki baki ɗaya, wanda gwajin DXA (hoton da ke auna ƙwarin ƙashi) ke nunawa, shi ya kamata ya jagoranci zaɓi, tare da lafiyar ƙoda da ta ciki.

Alendronate, miligiram 70 sau ɗaya a mako, shi likitoci suka fi farawa da shi. Sharaɗinsa shi ne a sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma kada a kwanta sai bayan minti 30, domin yana iya ƙona maƙoshi. Mai fama da ƙwannafi ko wahalar haɗiya zai fi samun sauƙi da zoledronate, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, ko da yake karon farko yakan zo da zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki. Dukansu biyu ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, kuma amfaninsu yana daɗewa a ƙashi ko bayan an dakata.

Denosumab, wanda aka sani da Prolia, allura ce ta miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata 6, kuma yana da ƙarfi wajen tsayar da zaizayewa. A nan ne nake roƙon mai zaɓi ya tsaya ya yi tunani sosai, domin wannan magani ba a barinsa kwatsam: da zarar an tsallake allura, ƙashin da aka samu yana zubewa cikin sauri, har ƙasusuwan baya da yawa na iya karyewa. Wanda bai da tabbacin samun allurar a kan kari, ko bai tsara da likitansa maganin da zai biyo baya ba, gara kada ya fara. A shekarar 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta kuma yi gargaɗin cewa yana iya saukar da sinadarin kalsiyam na cikin jini ƙwarai ga masu tsananin ciwon ƙoda.

Teriparatide da romosozumab suna gina sabon ƙashi, ana kuma keɓe su ga masu tsananin rauni. Na biyun bai dace da wanda ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekarar da ta wuce ba.

Ko wanne aka zaɓa, sai an tabbatar da isasshen kalsiyam da bitamin D, an kuma ga likitan haƙori tukuna, saboda lalacewar ƙashin muƙamuƙi da wasu daga cikin waɗannan magunguna kan jawo jefi-jefi. Sabon ciwon cinya ga wanda ya daɗe yana shan alendronate yana buƙatar a ɗauki hoton ƙashin ba tare da jinkiri ba.