Akwatin World Cinema Project na farko: finafinai shida, da matsalar na'ura

Kamfanin Criterion ya fitar da wannan akwati a 2013. Finafinai shida ne da gidauniyar daraktan fim Martin Scorsese ta sa aka gyara a shirinta na World Cinema Project, bayan faifansu na asali sun fara lalacewa. Faifai tara ne a ciki, Blu-ray uku, DVD shida, kuma kafin kowane fim Scorsese yana ɗan gabatar da shi.

A fara da Dry Summer na Metin Erksan daga Turkiyya, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 1964. Wani manomi ne ya datse ruwan da ke ɓullowa a gonarsa ya hana na ƙasa da shi. Duk wanda ya san rigimar ruwa a fadama lokacin noman rani zai gane komai ko bai karanta fassara ba. Sai Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty (Senegal, 1973): Mory da Anta suna yawo a Dakar kan babur mai ƙahon bijimi, burinsu Paris. Labarin ba ya tafiya a jere, kuma akwai yankan shanu a mayanka ƙuru-ƙuru, don haka ba na kallo da yara ba ne. The Housemaid na Kim Ki-young (Koriya ta Kudu, 1960) ma haka. A wasu wuraren hotonsa yana dishewa, saboda naɗi biyu na asalin sun ɓace, aka cike da tsohon kwafi mai rubutun Turanci da sai da aka goge da kwamfuta. A River Called Titas ya haura awa biyu da rabi, yana son haƙuri. Redes da Trances ne cikon shidan.

Inda mai saye ke yin asara shi ne kullen yanki, wato tsarin da ke hana faifan wani yankin duniya aiki a na'urar wani yankin. Blu-ray ɗin na yankin A ne, Afirka kuwa B, DVD ɗin na yanki 1, mu muna 5. Na'urar da aka saya don kasuwarmu za ta iya ƙin faifan, har PlayStation ma. Kafin ka biya kuɗi, duba bayan na'urarka. In ba mai buɗe kowane yanki ba ce, gwada DVD ɗin a kwamfuta da manhajar kallon bidiyo ta VLC, galibi yana buɗewa.

Fassara Turanci ce kawai, babu Faransanci, abin da ba zai yi wa 'yan Nijar daɗi ba. Duk da haka akwatin ya ci kuɗinsa, in dai na'urar ta samu.